Kare a Keken Malam Hassan

Fiddausi ta zura makulli ke nan ƙofar ta tafi da kanta. Ta tsaya riƙe da ledar shinkafar da ta sayo a shagon ƙasa, ta yi sallama. Shiru. Ta sake yi da ƙarfi. Fanka ce kawai take juyawa a falo.

Keken marasa lafiya da mahaifinta yake wuni a kai ba ya bakin taga. Wayarsa tana kan tebur kusa da shayin da ta haɗa masa da safe, ko rabi bai sha ba. Ta leƙa ɗakinsa, ta leƙa banɗaki, ta buɗe har ɗakin ajiyar da ta san keke ba zai shiga ba. Daga nan ta fita baranda. Sai da ta daɗe da hannu a kan ƙarfe kafin ta iya leƙa ƙasa daga hawa na goma sha huɗu. Motoci ne a jere, da wani mai share ganye. Ta sauke numfashi.

Wata uku ke nan da ta ɗauko mahaifin nata, Malam Hassan, daga Ɗambatta zuwa Kuwala Lampur. Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin malamin dabbobi, babu rugar da bai taka ba a yankinsu. Bara matarsa ta rasu, ba a yi wata shida ba ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Fiddausi tana karatun digiri na uku a nan, ita da mijinta Sirajo, sai ta ce a kawo shi a gwada asibitin wannan ƙasa. An gwada, an kuma dace. Likitoci sun ce ƙafar ta dawo, abin da ya rage shi ne ya taka ta. Shi kuwa ya ƙi. Mai gashin ƙashi ta zo gida sau huɗu, kullum sai ya juya mata ƙeya. Daga gado sai keke, daga keke sai bakin taga, yana kallon jiragen ƙasa na unguwarsu ta Sentul suna shiga suna fita. Maganarsa ta yini ba ta wuce "to", "a'a" da "Allah ya yi albarka" ba.

Ta kira Sirajo, wanda yake can jami'arsu a Serdang.

"Baba ba ya gida."

"Kamar yaya ba ya gida?"

"Ba shi, ba keken. Ƙofa a buɗe."

"Innalillahi. Kin duba masallacin da ke ƙasan benen?"

"Wa zai kai shi, Abban Khaulah? Mutumin da ko ƙofar falo ba ya zuwa?"

"Ki kwantar da hankalinki. Ki sauka wajen masu gadi, ni ma ga ni nan tafe. Khaulah fa?"

"Tana makaranta sai ƙarfe huɗu."

Ta kashe wayar ta fita ko ledar abincin ba ta ajiye ba. A cikin lif abu ɗaya ne yake mata yawo a kai: wani ne ya turo shi. To wa? Baba ba shi da kowa a garin nan. Ba fasfo a jikinsa, ba waya, maganin hawan jininsa na rana yana kan firij.

Mai gadin ƙofa, wani ɗan Nefal, ya ce shi yanzu ya karɓi aiki, wanda ya yi safe ya tashi. Ta roƙe shi ya duba mata kyamara. Ya ce makullin ɗakin yana hannun manaja, manaja kuma ya tafi cin abinci. Ta ruga ƙaramin masallacin da ke bayan wurin ajiye motoci. Takalmi ƙafa uku ne a ƙofa, babu na Baba. Ta zagaya wurin ninkaya tana kallon ruwan da gefen ido, tana addu'ar da ita kanta ba ta san me take cewa ba.

A bakin get akwai shagon mamak, irin gidajen abincin Indiyawa Musulmi, inda takan sayi shayi. Mai shagon, wanda kowa yake kira Bos, yana tsaye yana jan shayi daga wannan kofi zuwa wancan. Ta nuna masa hoton Baba a waya, ta tambaye shi da Turanci ko ya ga an wuce da wannan dattijo a keke.

Bos ya kalli hoton ya yi dariya.

"Wannan? Na gan shi mana. Wajen sha ɗaya. Amma ba a keke yake ba, shi ne yake tura keken."

"A'a, ba shi ba ne. Mahaifina ba ya tafiya."

"Dogo, baƙi, farin gemu, doguwar riga ruwan toka? Hula mai zane?"

Ta gyaɗa kai.

"To shi ne. Kare ne a cikin keken."

"Kare?"

"Kare, an lulluɓe shi da zani. Ga wata tsohuwar Baturiya a gefe tana kuka. Duk mutanen shagon nan sai da suka miƙe suna kallo." Ya nuna mata hanya da haɓa. "Can suka yi. Ki wuce masu sayar da furanni, akwai asibitin dabbobi a jerin shaguna na biyu."

Fiddausi ba ta yarda ba, amma ba ta da wata hanyar. Ta kama tafiya, rana tana dukan tsakiyar kanta, mayafi ya manne mata a wuya. Ta wuce masu saƙa furanni a gindin wurin bautar Hindu, ta wuce shagon gyaran babura. Hanyar ba ta da daɗi: nan dakali ya tashi, can kwata a buɗe, gaba kuma mota ta hau inda mutane suke bi. Duk inda ta taka sai ta ce a ranta, ba dai nan Baba ya bi ba. Mutumin da take tallafa wa kafin ya tashi daga gado?

Sai ga keken a ƙofar wani shago mai gilashi, an jingina shi da tukunyar fulawa. Zanen gadon Baba mai ratsin shuɗi yana naɗe a kan mazaunin, duk gashi ja a jikinsa.

Ta tura ƙofar, sanyin na'ura ya dake ta. Muryarsa ta fara ji kafin ta gan shi. Turanci yake yi, irin na mutanen da, a nutse, kowane harafi a wurinsa. Yana zaune a benci, hularsa a kan gwiwa, yana kwatanta wani abu da hannun dama. A gefensa wata tsohuwa ce mai gajeren farin gashi, ta dunƙule igiyar kare a hannu. Fiddausi ta gane ta. Ita ce ta gidan ƙarshen barandarsu, wadda sukan haɗu a lif su yi wa juna murmushi, Fiddausi tana janye siket ɗinta daga karen.

"Baba!"

Ya ɗago. "Ke, rage murya. Aiki ake yi a ciki."

Ta durƙusa a gabansa, ledar shinkafar ta faɗi gefe. Ta kama hannunsa, ta taɓa ƙafarsa, hawayen da ta riƙe tun daga baranda suka ƙwace mata.

"Baba, ka san inda ban duba ba? Ko waya ba ka ɗauka ba. Na ɗauka... wallahi ban san me na ɗauka ba."

"To ai ga ni. Tashi, mutane suna kallo." Ya dube ta sosai. "Na yi laifi, Fiddausi. Ban tuna da wayar ba. Ki yi haƙuri."

Ta zauna a gefen bencin ta tura wa Sirajo saƙo cewa an gan shi, lafiya lau, sauran bayani sai ya zo. Tsohuwar ta miƙo mata hannu, ta ce sunanta Glenda, daga Ostireliya take, ɗanta yana aiki a nan amma ya yi tafiya. Ta buɗe baki za ta ci gaba, kuka ya ci ƙarfinta. Malam Hassan ne ya karɓe labarin, da Hausa.

"Ina zaune na ji ana buga ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, ana ihu. Ba wanda ya buɗe, kowa ya tafi aiki. Na ce ko gobara ce. Na tura keke na buɗe, sai ga baiwar Allahn nan, ga kare a kwance a baranda yana ta yunƙurin amai, ba abin da yake fitowa sai kumfa. Na ce ta matso da shi. Ina ɗora hannu na ji cikin ya yi tam. Na ƙwanƙwasa, kamar ganga. Na ɗaga leɓensa, dasashin ya yi fari fat." Ya girgiza kai. "Kumburi ne. Na ga irinsa a shanu ba adadi, na taɓa gani a karen wani Bature a gonar gwamnati. A kare tumbin ne yake murɗewa. In aka yi awa biyu ba a buɗe shi ba, sai dai a haƙa rami."

"To ba sai ku kira mota ba, Baba?"

"Ta kira. Uku. Duk wanda ya ji kare ne sai ya ce a yi haƙuri. Ita ba za ta iya ɗaukarsa ba, ni ba zan iya ba. Na duba na ga abu ɗaya ne mai taya a gidan nan." Ya ɗan taɓe baki. "Sai na tashi na ba shi wuri. Matar da take goge baranda ta kama mana muka ɗora shi."

"Ka tashi."

"To da a cinyata zan ɗora shi, wa zai tura mu?"

Fiddausi ta dubi ƙafarsa ta hagu. Tana rawa a hankali, takalmin ya goge ta gefe inda ya riƙa jan ta. Ta tambaye shi ko kansa yana ciwo, ko yana ganin jiri. Ya ce babu ko ɗaya, ƙishirwa ce kawai, an kuma ba shi ruwa. Sau uku ya tsaya a hanya, in ji shi, ya riƙe hannun keken ya huta. Keken ne ya riƙe shi kamar yadda shi ma ya riƙe keken.

Madam Glenda ta share ido ta fara magana, ba ta kallon kowa sai igiyar hannunta. Sunan karen Jara. Irin karnukan da suke kiwon tumaki ne a ƙasarsu. Mijinta ne ya kawo shi yana ɗan kwikwiyo, shekara tara da suka wuce. Da mijin ya rasu ta yi wata biyu ba ta buɗe labule ba. Abinci sai ta tuna, wanka sai ta ga dama. Amma kullum ƙarfe shida Jara zai zo ya sa hanci a tafin hannunta, ba zai tafi ba sai ta tashi ta fita da shi. Tun tana zagaya layi ɗaya har ta koma zuwa bakin teku. A can ta san masu karnuka irinta, suka riƙa shan shayi tare. Bayan shekara likitanta ya rage mata maganin hawan jini, ya ce ko me take yi ta ci gaba.

"Da ɗana ya ce in dawo nan kusa da shi," in ji ta, "na ce in ba da Jara ba, ba inda za ni. Allurai, takardu, jirgi, killacewa. Kujerata a jirgi ba ta kai rabin abin da aka kashe masa ba. Mutane suna cewa ai kare ne kawai."

Fiddausi ta ga Malam Hassan ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa. Ita ma ta kawar da ido, don ta san ba labarin Baturiya kaɗai yake ji ba.

Can ya gyara murya ya juyo gare ta, kamar mai son sauya zance.

"Kin san abin da ta gaya mini? Wai a ƙasarsu, cikin gida uku, biyu da kare ko kyanwa. Har inshora ake yi musu, Fiddausi. Akwai mai yi musu aski, akwai mai yawo da su a biya shi, akwai masu otal ɗinsu. Jikarta ma abin da take ci da shi ke nan, gyaran gashin karnuka, har ta sayi mota." Ya yi 'yar dariya. "Ni da na yi shekara talatin da huɗu ina roƙon mutane su kawo shanu rigakafi kyauta."

"Ai ka zo ƙasar da ba daidai ba, Baba. Can ya kamata mu kai ka."

"Da yanzu ni ne da mota."

Rabon da ta ji ya yi raha tun kafin rasuwar mahaifiyarta. Ta yi dariya fiye da yadda zancen ya kai, har ma'aikaciyar da ke kan teburin karɓar baƙi ta ɗago kai.

Aka kira la'asar a wani masallaci nesa kafin ƙofar ciki ta buɗe. Likitar ta fito, wata 'yar siririyar Basiniya, tana cire abin rufe hanci. Madam Glenda ta miƙe tsaye. Likitar ta ce an yi nasara. Tumbin ya murɗe, sun mayar da shi, sun ɗinke shi a jikin ciki don kada ya sake juyawa. Naman bai mutu ba saboda an zo da wuri. Da an ƙara minti arba'in, da wani zancen ake yi. Kwana uku zai yi a wurinsu.

Madam Glenda ta koma ta zauna daɓas, ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta suna girgiza. Malam Hassan ya ce, "Alhamdulillahi," a hankali, sau biyu.

"Wa ya ce mata murɗewar tumbi ce?" likitar ta tambaya. "Tana shigowa da sunan ciwon ta shigo, shi ya sa ba mu ɓata lokaci ba."

Fiddausi ta nuna mahaifinta. Likitar ta zo ta tsaya a gabansa, ta tambaye shi inda ya yi aiki. Ya gaya mata. Ya tambaye ta saifar fa, ta taɓu? Ta ce ta ɗan kumbura amma ta sauka. Ya tambayi irin zaren da suka yi ɗinkin da shi. Suka yi kusan minti goma, ita tana zana masa a bayan takarda, shi yana gyaɗa kai yana ba ta labarin yadda suke huda cikin saniya a daji in ta kumbura, ba wuta ba na'ura. Da za ta koma ciki ta ɗan rusuna ta ce, "Na gode, Dakta."

"Ni ba dakta ba ne," ya ce wa Fiddausi da Hausa bayan ta tafi. Amma ya mayar da hularsa ka, ya gyara mata zama.

Ma'aikaciyar teburin, wata Bamalayiya mai ɗankwali ruwan hoda, ta zagayo da wani ɗan sabulu a hannu. Ta ce na yumɓu ne, shi Musulmin nan suke wanke hannu da shi in sun taɓa kare, ko Baba yana so?

"Gaya mata a karatunmu na gida, dabba mai rai ba ta zama najasa," ya ce. "Amma ta kawo. Garinsu ne."

Fiddausi ta miƙa hannu za ta tallafa masa zuwa wurin famfo. Ya dafa kafaɗarta kawai, ya tashi da kansa. Taku bakwai ne, ta ƙirga su a ranta.

Da za su tafi mota ba ta yi wuya ba, tunda ba kare. Direban ya naɗe keken ya sa a but. A hanya Madam Glenda ta ce likita ta ce in an sallami Jara sai an riƙa fita da shi kaɗan-kaɗan, safe da yamma, a lambun ƙasa, ba gudu ba tsalle. Ta ce ita tsoro take ji, ba za ta gane ba in wani abu ya taso.

Malam Hassan yana kallon waje ta taga. "Ɗinkin yana son a riƙa dubawa," ya ce da Turanci. "Ƙarfe nawa kike sauka?"

"Bakwai."

"Bakwai ya yi."

Fiddausi ta ciji leɓe ta kalli nata gefen titin.

A gida ta gwada jininsa, ta sake gwadawa don ba ta yarda da na farko ba. Bai hau ba. Ta ba shi maganinsa, ya rama sallolinsa a zaune, sannan ta ɗumama shinkafar nan da ta sha yawo. Ya cinye tas, ya tambaya ko akwai saura. Sirajo ya iso da Khaulah, ya tsaya a ƙofa yana kallon surukinsa a kan kujerar falo, ya kalli matarsa. Ta yi masa alama da ido cewa ya yi shiru tukuna.

Tana kwashe kwanuka Malam Hassan ya kira ta, ya rage murya.

"Fiddausi, zancen nan ya tsaya a nan. Kada Gwaggonki Hussaina ta ji. Kin san bakinta. In ta ji na ba kare kekena na bi titi ina tura shi, kafin Juma'a duk Ɗambatta ta ji, har da ƙari."

"Ba zan faɗa ba, Baba."

"Ko a waya ta tambaye ki, ki ce lafiya lau muka wuni."

"To, Baba."

Gwaggo Hussaina ita ce 'yar tagwayensa, kullum sai ta kira, kullum kuma Fiddausi ce take amsawa ta ce yana hutawa. Ta shiga kicin ta kunna famfo. Ba ta gama wanke tukunya ba ta ji wayarsa tana ƙara a falo. Ta goge hannu za ta fita ta ɗauka kamar kullum, sai ƙarar ta yanke.

"Hussaina? Lafiya lau. Ke, bari wannan, zauna ki ji abin da ya faru yau. Kina zaune? To, wata Baturiya ce maƙwabciyarmu..."

Fiddausi ta tsaya a bakin ƙofar kicin da tawul a hannu. Sirajo ya leƙo yana tambayarta da ido. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta koma ta rage famfon don ta ji sosai.